Darasin Zane Ba Lokacin Hutu Ba Ne

Jama'a, wata magana ce na ji tana yawo a kwalejin nan tun farkon zangon karatu, ta hana ni sakat, shi ya sa na roƙi Edita ya ɗan ba ni fili in faɗi nawa ra'ayi. Maganar kuwa ita ce wai darasin zane ɓata lokaci ne, gara a rage sa'o'insa a ƙara wa lissafi da Turanci. Na ji ta a bakin 'yan aji, na kuma ji ta a ɗakin malamai, inda ban zaci zan ji ta ba. Har wani yaro mai barkwanci ya ce mini shi ya kan tara wankinsa ne sai ranar zane, don a wurinsa ita ce ranar hutu. A lokacin na yi dariya, amma da na koma gida na yi tunani sai na ga abin ba na dariya ba ne. Yaron nan baɗi war haka malami ne, za a damƙa masa yara arba'in ko hamsin, abin da ya rena a nan kuwa shi zai koya musu su rena a can.

Ni ba malamin zane ba ne, Hausa na ke koyarwa, in ma aka ce in zana akuya sai ta fito kamar tebur mai ƙaho. Saboda haka kada wani ya ce abincina na ke karewa. Shaida guda kaɗai zan kawo, watau labarin wani malamin makaranta ɗan ƙasar nan, wanda alli da allo ba su hana shi zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen zamani na Afirka ba. Sunansa Bruce Onobrakpeya.

An haife shi ran 30 ga Agusta, 1932, a garin Agbarha-Otor kusa da Ughelli, a ƙasar Urhobo, cikin Jihar Delta ta yanzu. Ubansa masassaƙi ne, saboda haka da ƙarar gizago ya buɗe ido. Tun yana yaro iyayensa suka koma birnin Binin, garin nan da duniya ta san shi da zubin tagulla, a can ya yi sakandare a makarantar Western Boys. Da ya gama sai makarantar ta riƙe shi ya koyar da zane, daga 1953 zuwa 1956, sa'an nan ya yi shekara guda yana koyarwa a Ondo. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: mutumin ya yi shekara huɗu a gaban aji tun bai taka babbar makaranta ba. Malami ne tun fil azal, irinmu.

A cikin 1957 Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin karatunsa, ya tafi Zariya, kwalejin nan ta fasaha da kimiyya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman zane na wurin Turawan Ingila ne, kuma abin da suka sani shi suka koyar, watau yadda a ke auna siffar jiki, da yadda a ke nuna nisa da kusa a kan takarda, da haske da inuwa. Wannan ilmi ne na gaske, ba wanda ya ce ba shi da amfani. Abin da ya dami waɗansu daga cikin 'yan makarantar shi ne, a duk cikin tsarin karatun ba a ba sassaƙar iyayensu da rininsu da zanen bangonsu wani wuri ba, sai ka ce kafin zuwan Bature ba wanda ya taɓa yin abu mai kyaun gani a ƙasar nan. To, a watan Oktoba na 1958 sai suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da shi Onobrakpeya. Daga baya mutane suka laƙaba musu sunan 'Yan Tawayen Zariya, ko da ya ke tawayen nasu bai wuce zama a yi muhawara da tafiya gida lokacin hutu a tambayi tsofaffi ba.

Manufarsu ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa shiga lambu. Mai lambu ya kan yi wa mangwaro aure, ya yanko reshen iri mai daɗi ya ɗaura a jikin ɗan itacen gida wanda saiwarsa ta saba da ƙasar. Reshe kaɗai in an kafa shi bushewa ya ke yi, ɗan itacen kuwa in an bar shi 'ya'yan da ya saba su zai yi ta yi. Samarin nan cewa suka yi a ɗauki dabarar da aka koyo a aji a ɗaura ta kan abin da aka gada, har su kama juna su zama itace guda. Ba su yarda a koma zamanin kakanni a zauna ba, ba su kuma yarda a zama inuwar Turai ba. Shekara biyu ta rage a sami mulkin kai sa'ad da suka fara wannan magana, kun ga ashe ba zancen fenti kaɗai su ke yi ba.

Onobrakpeya ya iya zanen fenti ƙwarai, amma abin da ya fi fito da sunansa shi ne bugun zane. Bari in ɗan bayyana shi, don na san da yawa cikinmu ba su taɓa gani ba. Kowa ya san hatimi, a shafa masa tawada a danna a takarda, alamar ta fito, a sake dannawa ta sake fitowa. To, haka abin ya ke, sai dai hatimin babba ne, kuma hoto ne sukutum a jikinsa. Mai zane ya kan sami allon katako, ko wata shimfiɗar daɓe mai taushin yanka da a ke kira lino, ya sassaƙe duk inda ya ke so ya fito fari, ya bar inda ya ke so ya kama tawada, sa'an nan ya ɗora takarda ya danne. Wata hanyar kuma da farantin ƙarfe a ke yi, na tutiya ko jan ƙarfe. A shafe shi da wani abu kamar kakin zuma, a karce zanen da tsinke, a tsoma cikin asid, ruwan nan mai cin ƙarfe, ya ci inda aka karce kaɗai, tawada ta kwanta cikin ramukan. Amfanin wannan sana'a a fili ya ke. Mai fenti in ya yi wata guda yana aiki, hoto ɗaya zai samu, gida ɗaya zai shiga. Mai bugu kuwa daga allo guda sai ya fitar da talatin ko hamsin.

Ta wannan hanya aikinsa ya shiga hannun 'yan makaranta da ba su ma san sunansa ba. Shi ya yi hotunan cikin littafin Cyprian Ekwensi mai suna An African Night's Entertainment, na 1962, wanda duk mai karatun Hausa da ya buɗe shi zai tuna da Jiki Magayi, don labarin nasu ya yi kama ƙwarai. Shi ne kuma ya ƙawata Forest of a Thousand Daemons, fassarar da Wole Soyinka ya yi wa littafin Yarabanci na D. O. Fagunwa, wadda ta fito a 1968. Ku tambayi tsofaffin malamanmu, za ku taras waɗansu sun manta rabin labarin, amma hotunan na nan a idonsu.

Bayan ya gama Zariya ya sami takardar koyarwa, sai ya kama aiki a Kwalejin St. Gregory a Ikko, watau Legas, cikin 1963, bai bar ta ba sai 1980. Shekara goma sha bakwai ke nan yana kiran suna da safe, yana duba aikin yara, in an tashi kuma ya shiga ɗakin aikinsa. Lokacin hutu kuwa shi kansa ya kan koma ɗan makaranta. Ya halarci tarurrukan koyon bugu da aka yi a Ibadan da Oshogbo a farkon shekarun 1960, a hannun wani gwani mutumin Holan mai suna Ru van Rossem. Mutum mai takardar babbar kwaleji, ga shi malami, amma bai ji kunyar zama a benci ɗaya da waɗanda ba su yi karatun boko mai zurfi ba. Mu nan fa, da zarar mutum ya karɓi takardarsa sai ya ɗauka ilmi ya ƙare a kansa.

Akwai wani abu da ya same shi a 1967 wanda na ke so kowane malami ya riƙe. Yana gyara wani farantin tutiya, sai ya yi amfani da asid da ba shi ne ya dace da aikin ba, ya cinye farantin ya yi masa ramuka. Da wani ne sai ya yi tsaki ya jefar. Shi kuwa sai ya cike ramukan da gam ɗin nan mai ƙarfi, Araldite, ya ce bari dai ya buga ya gani. Da ya ɗaga takardar sai ya ga zanen ya fito da tudu da kwari, kamar sassaƙa, abin da bai taɓa samu ba a da. Ya bi wannan hanya ya yi ta gwaji har ta zama dabara tasa ta kansa, wadda ya sa wa suna filastogiraf, yau kuwa masu zane da yawa na aiki da ita. Haka kuma tsofaffin allunan lino da ya gama bugu da su bai zubar ba, ya shafe su da ruwan tagulla suka zama abin rataya a bango. To, ina tambaya, a cikin darussan da mu ke koyarwa, wanne ne ke ba yaro damar ya yi kuskure, ya tsaya ya dubi kuskuren, ya fitar da wani abu daga cikinsa? A lissafi in ka kuskure an ja maka jan biro, magana ta ƙare. A zane ne kaɗai kuskure kan zama mafarin aiki.

Kada kuma a zaci ado kawai ya ke yi. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya yi wa cocin St. Paul na Ebute Metta hotuna goma sha huɗu na wahalar Almasihu bisa ga yadda Kirista suka gaskata, ya sa mutanen ciki da fuskoki da tufafin ƙasar nan, masu azabtarwar kuwa ya sa musu kayan ma'aikatan mulkin mallaka. Waɗansu masu ibada ba su ji daɗin haka ba, amma duk wanda ya kalla ya san ana yi masa zancen zaluncin da ya sani ne. A cikin shekarun 1980, bayan farin da ya halaka dabbobi ya kori mutane daga gidajensu a ƙasashen bakin hamada, ya yi jerin ayyuka a kan mutanen Sahel da yadda hamada ke cin ƙasa, aka kuwa yaba masa a babban nunin zane na birnin Venis ta Italiya a 1990. Ga ɗan Urhobo, wanda ya tashi a ƙasar ruwa da kurmi, ya damu da abin da ke damun makiyayi a Arewa. Ni a ganina zaman da ya yi a Zariya ne bai bar zuciyarsa ba. Ya kuma ƙago waɗansu alamomin rubutu da ya kira Ibiebe, don ya adana karin magana da hikimar Urhobo a cikin zane. Tun 1998 kuwa ya buɗe wani taron koyon sana'a a garinsu, ya sa masa sunan hunturu don a lokacin a ke yinsa, inda gwanaye da 'yan koyo kan zauna tare. A 2006 aka ba shi lambar UNESCO ta mutanen da a ke ɗauka taska ce mai rai, a 2017 ya sami lambar yabo ta ƙasa ta masu ilmi da fasaha, a 2024 kuma aka yi nunin aikinsa a gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a Washinton. Da ya tsufa aji ya sake buɗewa.

Yanzu bari in juyo ga masu cewa a rage darasin, don ba na so in yi musu rashin adalci. Hujjarsu uku ce, na kuwa saurare su.

Ta farko, sun ce zane ba ya ba da abinci, kuma ba kowa ne zai zama Onobrakpeya ba. Gaskiya ne ba kowa ba. Amma ai ba kowane yaro da mu ke koya wa lissafi zai zama injiniya ba, ba mu kuwa daina ba. Zane ido ya ke koya wa yaro, ya dubi abu ya gan shi yadda ya ke. Yaron da ya zauna rabin sa'a yana zana ganyen rogo ya san yatsunsa nawa, ya san inda jijiyoyinsa suka bi, ranar da malamin kimiyya ya zo ya taras an yi masa rabin aiki. Batun abinci kuwa, ku dubi rigar da ke jikinku, da bangon littafin da ke hannunku, da allon kantin da kuka wuce da safe. Wani ne ya zana kowannensu, an kuwa biya shi.

Ta biyu, sun ce ba kayan aiki, fenti da burushi sun yi tsada, makarantun da za a tura ɗalibanmu ko alli da ƙyar su ke samu. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, amma labarin mutumin nan ya amsa ta, don shi da abin da ya lalace ya yi suna. Ni ma na ga misali da idona. Bara na je duba wata ɗalibarmu da ke gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, tana koyar da baƙaƙen Hausa ga yaran da ba harshensu ba ne. Kun san wahalarmu a nan Kudu, katunan baƙaƙe da a ke sayarwa a kasuwa na Turanci ne, ba mai ɓ, ko ɗ, ko ƙ. Sai yarinyar nan ta sayi dankali, ta raba biyu, ta sassaƙa baƙaƙen da reza, ta dama baƙin tukunya da ƙaro ta yi tawada irin ta makarantar allo, ta buga wa kowane yaro nasa kati a bayan tsohon kwali. Da fari ta manta cewa hatimi a juye a ke sassaƙa shi, sai ƙ ɗinta ya fito yana duban baya. Yara suka fashe da dariya, suka yi ta gardamar ina lanƙwasar ta kamata ta fuskanta, ita kuwa ta bar su suka gyara da kansu. Da na koma bayan mako biyu, ba yaro ɗaya a ajin da ya rikita k da ƙ. Abin da ta kashe bai kai kuɗin kwanon abinci ba. A ina ta koyi wannan? A darasin nan da a ke cewa a rage.

Ta uku ba a cika faɗinta a fili ba, amma na san tana zukatan waɗansu 'yan'uwana Musulmi, watau batun zana abu mai rai. Hukuncin wannan na malaman addini ne, na bar musu, kuma ban ce a tilasta wa kowa abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Abin da na ke cewa shi ne zane ya fi hoton mutum faɗi nesa ba kusa ba. Wa ya yi zayyanar allon da a ke ba yaro ran saukar karatu? Wa ya fitar da aska takwas a gaban babbar riga, da dagi a bangon zaure, da adon ƙwarya, da na sirdi da jakar fata? Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, har yau masana gini na zuwa daga nesa su dubi bakan gizonsa da adon cikinsa. Waɗannan duka aikin ido ne da hannu, kakanninmu kuwa ba su ɗauke su wasa ba. Abin kunya ne a ce baƙo ya zo Zariya ya ga darajar abin da ke jikin bangonmu, mu masu bangon muna cewa ɓata lokaci ne.

Ba zan rufe ba sai na faɗi inda ni kaina na ke da ƙorafi. Amfanin bugu shi ne hoto ya yi araha ya shiga gidan talaka, amma ayyukan Onobrakpeya sun zama kayan masu hali da gidajen nuni na ƙasashen waje, albashin malami ba ya kai wa gare su. Na tambayi aji guda na ɗalibai ko akwai wanda ya taɓa ganin aikinsa ko da a littafi, ba wanda ya ɗaga hannu. Sa'an nan akwai masu kwaikwayonsa da suka ɗauki ɓawon suka bar ƙwayar, su cika takarda da adon rini da na ƙwarya ba tare da sun san ma'anar ko ɗaya ba, don dai baƙi su saya. Wannan ba aure ba ne, jingina reshe ne a jikin itace. Amma laifin duka biyu ba a kansa ya ke ba. Makaranta ce ya kamata ta kai aikin gaban yara ta kuma koya musu bambanta sahihi da jabu, makarantar kuwa mu ne.

Saboda haka ga roƙona ga hukumar kwaleji, abu uku ne, ba kuwa mai cin kuɗi a ciki. A bar sa'o'in zane yadda su ke. A sa kowane ɗalibi, ko wane fanni ya ke karanta, ya buga kayan koyarwa na hannunsa aƙalla sau ɗaya kafin ya fita gwajin koyarwa, a kuma ba shi maki a kai. Sa'an nan in za a tafi hutu, a ce kowa ya komo da zanen ado guda daga garinsu, na bango ne, ko na tufa, ko na tukunya, tare da sunansa da abin da tsofaffi suka ce yana nufi. Muna da Yarabawa a nan, da Ibo, da Hausawa, da Nufawa, da Tibi, da waɗansu da yawa. Cikin shekara uku sai mu tara abin da ba wani kanti da ke sayar da irinsa.

Ku kuma ɗalibai, musamman abokina mai wanki, ina ba ku shawara ku nemi wata rana ku yi wankinku. Wata rana za ku tsaya gaban aji, a can layin baya akwai wani yaro shiru-shiru da ke zane a bayan littafin lissafinsa. Kafin ku ɗaga bulala, ku karɓi littafin ku duba tukuna. Shi ma Onobrakpeya wani malami ne a Binin ya duba nasa.

Wanda ya ga ba haka ba, filin nan na kowa ne, sai ya rubuto mu ji. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon riƙon amanar yaran da za a damƙa mana, amin.